Ƴan'uwa Ƴan Kara, Shan Ƙwaya Ba Shi Ne Saukar Jini Ba

Ina roƙon Malam Edita ya sam mini fili a cikin wannan takarda tamu in tofa albarkacin bakina. Yau ba maganar farashi na zo da ita ba, ba kuma ta kuɗin fito ko ta ƴan duwan ba. Maganar jikinmu ce, kuma na san akwai masu cewa me ya haɗa dillalin shanu da aikin likita. To, ku yi mini haƙuri ku karanta tukuna.

Tsakanin Sallar Layya da ta wuce zuwa yau, kararmu ta yi rashin mutum biyu daga cikin manyanta. Ɗaya ya yanke jiki ya faɗi ne a bakin tirela ana cikin lodi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, Allah Ya jiƙansa. Ɗayan yana nan da ransa, amma yana kwance a gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin nan da ya shekara 30 yana sasanta mai saye da mai sayarwa yau ko sunan ƴaƴansa ba ya fitarwa daidai. Duk wanda ya san sana'armu ya san abin da wannan ke nufi, domin dukiyar dillali rabinta a cikin kansa take. Wa yake bi, wa ke bin sa, shanu nawa aka tura Legas bashi, wa ya ba da kafin alƙalami, duk a ka. Yanzu iyalinsa na zaune da wani ɗan littafi wanda ba mai gane rubutun cikinsa sai shi, waɗanda yake bi bashi kuwa sun yi tsit kamar an aiki bawa garinsu.

A wajen zaman makokin na farko, da wajen dubiyar na biyu, magana guda na yi ta ji a bakin mutane: "Ikon Allah! Kuma fa yana shan maganinsa." Gaskiya ne, dukansu biyu an daɗe da gaya musu suna da hawan jini, dukansu kuma da ƙwaya a aljihu. Wannan maganar ce ta hana ni barci har na ɗauki alƙalami. Mun ɗauka cewa idan mutum yana shan ƙwaya to ya fita hakkin jikinsa. Ni kuwa na ce sam. Tambayar da ya kamata mu yi wa juna ita ce, yaushe rabonka da awo, kuma nawa aka samu?

Bari in fara da kaina, don kada a ce na ga ƙaiƙayi a idon wani. A shekarar 2016, wajen gwajin lafiya na tafiya aikin hajji, aka ɗaura mini abin awo a dantse aka ce tansiyona 17 da 10 ne. Na ce da malamin asibitin, ni fa garau nake, jiya ma da hannuna na kayar da bajimi. Ya yi dariya ya rubuta mini ƙwayar da ake kira amlodipin, ɗaya kowace safiya. Na yi shekara 7 ina shan ta, amma irin shan da na ga dama. Idan kaina ya sara in haɗiye ɗaya, idan na ji daidai in bar ta a aljihun rigar da na tuɓe. Duk wanda ya tambaye ni kuwa sai in ce ai ina kan magani. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ke kawo mini ita daga Katsina ya daina zuwa, ni kuma ban ko damu in nemi irinta a farmasin nan cikin gari ba. Rannan ɗiyata, wadda ke aikin jinya, ta zo gida da abin awonta ta ce, "Baba, miƙo hannunka." Ta auna, ta yi shiru, ta sake aunawa. Ta ce 18 da 11. Wallahi a ranar ko ciwon kai ba na yi.

Ita ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya shiga kaina. Ta ce in tuna injin ban ruwa irin na masu lambu a Jiratawa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Idan ruwa na tafiya da ƙarfin da ya wuce ƙima dare da rana, tiyon ba ya kuka, sai dai wata rana ya fashe ko ya toshe a inda ya fi rauni, injin kuma ya gaji. Idan a ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan a ƙoda ne, sai mutum ya koma zaman wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane sati, ya bar kara da iyali. Yana taɓa ido, yana kumbura zuciya. Ita kuwa ƙwaya ba ta warkar da cutar, danne ta take yi na yini guda da kwana, ranar da ka bari jinin ya koma inda ya fito. Lambar da ake so mutum ya zauna a ƙarƙashinta ita ce 14 da 9. Ga ƴan'uwa masu zuwa asibiti a Katsina ko Kano, can 140 da 90 za ku ji an ce, duk abu ɗaya ne, sifiri kawai suka ƙara. Na taɓa ganin wanda aka ce masa 160 a Jibiya, ya dawo nan aka ce masa 16, ya yi ta murna wai jininsa ya sauka ƙwarai.

Kada kuma wani ya ɗauka mu ƴan kara ne kaɗai. Ɗiyar tawa ta karanta mini wani bincike da aka buga a 2018, wanda likitoci suka yi a kan masu hawan jini 2,198 da ke zuwa asibiti a ƙasashen Afirka 12, ciki har da Nijar da Kamaru da Benin da Togo. Cikin kowane mutum 100, kimanin 77 jininsu bai sauka zuwa inda ake so ba, kuma abin ya fi tsanani ga marasa hali. Ku lura, waɗannan mutane ne da suka san suna da cutar har suna zuwa ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a rahotonta na 2023 ta ce cikin masu hawan jini 5 a duniya, 4 ba sa samun maganin da ya ishe su. Ashe idan muka zauna mu goma a rumfa kowa na cewa yana kan magani, mai yiwuwa biyu ne kawai maganin ke yi wa aiki yadda ya kamata.

Me ke kawo haka? Babban abin, a ganina, shi ne wanda na riga na faɗa a kaina, wato sha yau bari gobe. Sana'armu kuwa ta ƙara wa abin gishiri. Mutum zai tashi daga nan ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya yi lodi, ya bi tirela kwana biyu ko uku zuwa Agege, sannan ya zauna sati biyu ko uku yana jiran mahauta su biya. Ya fito da ƙwayar kwana 10, tafiya ta zama ta wata guda. Wani kuma da gangan yake bari. Akwai ƙwayar da ke sa yawan fitsari, to wa zai tsayar da direba kowace awa a dajin Neja, ga shanu a tsaye cikin rana, ga kuma maganar riƙe alwala? Amlodipin takan kumbura wa wasu ƙafa. Akwai wadda ke sa busasshen tari, irin su kaftofiril. Akwai kuma maganar da ba a yi a rumfa sai a raɗa, cewa maganin hawan jini na rage wa namiji ƙarfi a wajen iyali. Ba zan ce ƙarya ba ce gaba ɗaya, wasu daga cikin ƙwayoyin sukan yi wa wasu mutane haka. Amma shi kansa hawan jinin da aka bari yana lalata jijiyoyin nan, kuma magungunan iri-iri ne, idan wannan bai karɓe ka ba akwai wani. Abin da muke yi shi ne mu jefar da ƙwayar a asirce, mu ci gaba da ce wa likita muna sha. Shi kuma ya ga jini bai sauka ba ya ƙara wata, ita ma ta bi ƴar'uwarta ƙarƙashin katifa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ba ma yi wa dabbobinmu haka. Wane ne cikinmu zai fara yi wa sa allurar kwana 3, ya yi ta farko, ya ga ya fara cin dusa ya ce shi ke nan? Wane ne zai sayi maganin hanta ko na sammore a hannun wanda bai sani ba, a kwalbar da rubutunta ya goge, ya ɗura wa bajimin jaka 600? Sai mun juya kwalba, mun duba kwanan wata, mun tambayi malamin dabbobi. Amma namu maganin, a tiren mai talla muke saye, wanda ya wuni a cikin rana tun daga hantsi har la'asar, a ɓalle mana ƙwaya biyar a ƙulle a leda. Waɗancan likitocin dai sun taɓa tattara magungunan zuciya da na hawan jini daga farmasi da kasuwannin ƙasashe 10, da Nijar a ciki, suka gwada, sakamakon ya fito a 2017. Kimanin 16 cikin 100 ba su da inganci, kuma amlodipin da kaftofiril, waɗanda muka fi sha, su ne kan gaba wajen lalacewa. Ko mai kyau ce ma, idan ka aje ta a gaban mota kusa da gilashi a watan Afrilu, ka dafa ta. A takardar mafi yawansu an rubuta kada zafin wurin ajiya ya wuce 30, mu kuwa kun san bazararmu, 40 ma ba labari ba ne.

Sai maganar ciki. Mu dai a ce masu cin nama ne, kuma a tasha muke ci. Da safe shayi da burodi, da rana balangu ko tsire a barbaɗe da yaji, da dare shinkafa da miyar mai tuwo wadda ba ta san ciwon kowa ba, a aljihu kuma ga kilishi na guzuri. Gishirin da masana suka ce ya ishi babban mutum a yini, duka da duka, bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda ke nan. Ni da na ji haka na ce ai ni ba na ƙara gishiri a abinci. Ɗiyata ta ɗauko dunƙulen miya ta ce, "Baba, wannan kusan rabinsa gishiri ne, kuma shida ake jefawa a tukunyarmu." A yajin mai tsire akwai shi, a kilishi akwai shi. Kanwa ma da muke jiƙawa mu sha don ciki, ko a sa a kunu, ko masu taba su haɗa da ita, dangin gishiri ce a wajen jini. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yadda ciwon zuciya ke yawan kama mata masu jego a inda ake ɗirka musu kunun kanwa. Mun saba ganin yadda gishirin Bilma da kanwa ke gyara dabba, har makiyaya na kora garke zuwa Ingal kowace damina saboda shi, shi ya sa muke ganin abin ƙarfi ne. To ita saniya ciyawa take ci, wadda ba ta da gishiri, dole a ba ta lasa. Kai kuwa da ka ci balangu, wace lasa kake nema?

Akwai wani ɓarawon da ni ban taɓa zargi ba sai da aka nuna mini shi, wato maganin ciwon jiki. Bayan an wuni ana kokawa da ƙaho da igiya, ko an kwana biyu a saman tirela, kowa ya san abin da ake yi, a aika yaro ya sawo haɗi. A cikin haɗin nan akwai diklofenak ko ibufurofen, kuma su biyun nan suna tayar da jini, suna rage wa maganin hawan jini ƙarfi, suna kuma cin ƙoda idan aka daɗe ana sha. Wani haɗin har da deksa a ciki, ita dai deksar da wasu marasa tsoron Allah ke ba rago ya kumbura kafin Sallah. Ita ma tana tayar da jini da suga. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin ruwa tana tafasa, ita ma da sinadarin gishiri a cikinta. Wasu magungunan mura haka. Ashe mutum na iya shan ƙwayarsa da safe tsakani da Allah, da dare ya warware aikinta da hannunsa. Goro da shayi mai kauri ba zan yi dogon bayani a kansu ba don ni ma ban rabu da su ba, na dai rage. Sigari kuwa ba ta da wani uzuri. Teɓa da muke ɗauka alamar Alhaji ya samu, da ciwon suga, da minsharin nan mai tsanani wanda numfashi ke ɗaukewa cikin barci, duk suna cikin abin da ke hana jini sauka. Wanda abokan masauki ke gudun ɗakinsa saboda minshari ya gaya wa likitansa.

Amma don Allah kada a ɗora wa majinyaci laifin duka. Na yi shekaru ina zuwa wani wuri karɓar magani, a auna ni a ga 16 da 10, a ce "ka rage tunani, Alhaji," a sake rubuta mini abin da aka rubuta bara. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ina sha kullum, ko me nake sha bayan shi. Layi ya yi tsawo, ma'aikaci ɗaya ne, na gane. Sai dai abin da na koya daga baya shi ne, mafi yawan masu hawan jini ƙwaya iri ɗaya ba ta isar su, sai an haɗa biyu, wani ma uku, kuma yanzu akwai wadda aka haɗa biyun a ƙwaya guda. Idan kana sha kullum ba fashi, wata ɗaya ko biyu sun wuce lambar ba ta sauka ƙasa da 14 da 9 ba, hakkinka ne ka buɗe baki ka ce, "Likita, abin nan bai sauka ba, me za a ƙara?" Mu da muke iya wuni muna ja-in-ja a kan jaka biyu a cinikin karsana, a gaban likita sai mu zama kurame. Ni tun da aka ƙara mini ta biyu, na kuma daina wasa, yau shekara biyu ke nan ina tsakanin 13 da 8.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin an riga an faɗa mini a rumfa: kwana idan ya ƙare ya ƙare. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma a Islamiyyar da na yi ba a karantar da mu cewa neman magani na warware tawakkali ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya bar garkensa ba rigakafi ya ce ajali ne ba. Sannan ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Je ka ga wanda ya shekara 5 a kwance, ana juya shi, ana sayar da shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ka dawo mu yi magana. Masu cewa sun koma tafarnuwa da zogale da soɓo, ban hana ku ba, soɓon ma an ce yana ɗan taimakawa idan ba a cika masa sukari ba. Sharaɗina guda ne, ku zo a auna. Idan lamba ta sauka mu ma mu bi ku, idan ba ta sauka ba ku koma wa ƙwayarku. Watan azumi kuma ba dalilin bari ba ne, tun kafin a ga wata a je a tambayi likita ko da sahur za a riƙa sha ko bayan buɗa baki, musamman mai shan ta fitsari.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto wa takardar ƙungiya maimakon in tsaya a hirar rumfa. A asusunmu muna fitar da kuɗi idan ɗan'uwa ya rasu, muna kai gudummawa idan tirela ta faɗi, kuma duk daidai ne. Ina ba da shawara a fitar da kuɗin abin awon jini guda biyu, irin na batir mai ɗaurawa a dantse, ba na wuyan hannu ba. Su biyun ba su kai kuɗin ragon layya ɗaya ba. A aje su a ofishin kara, a roƙi wani ma'aikacin lafiya ya koya wa yaranmu biyu masu ilimi yadda ake yi, domin awon ma da ƙa'idarsa: mutum ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, kada ya zama ya ci goro ko ya sha shayi ko sigari cikin rabin awar da ta wuce, kada kuma a auna shi yana tsakiyar rantsuwa a kan farashi. Kowa a ba shi ɗan kati a riƙa rubuta lambar da kwanan wata, ya tafi da shi asibiti, ko a nan ko a Legas. Yaran ba za su ba kowa magani ba, nasu awo da rubutu ne kawai. Wanda aka samu 18 da 11 ko fiye, a sake aunawa, idan yana nan a raka shi asibiti a ranar. Wanda kuwa bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, a sa shi mota nan take, kada a tsaya shafa mai ko jiran ƙarshen ciniki. Masu masauki a kudu su ma a rubuta musu su nuna wa mutanenmu farmasin kirki kusa da su. Duk mai fita kuma, kafin ya hau mota, ya ƙirga ƙwayarsa yadda yake ƙirga shanu, ya ɗauki ta wata guda ko da tafiyar sati ce, ya riƙe kwalin don sunan maganin.

Wani daga cikin ƴan kwamiti ya ce mini mutane za su ji kunyar a san lambarsu, kada a ce wane ya kusa, a daina ba shi amana. Wannan magana ce mai nauyi a sana'ar da ke tafiya da bashi, ban raina ta ba. Shi ya sa na ce kati a hannun mai shi zai zauna, ba a littafin ofis ba, kuma a yi awon a cikin ɗaki. Ni dai nawa na riga na buga shi a takarda kowa ya karanta, kuma har yanzu ba wanda ya zo ya karɓe shanunsa daga turkena.

Ina roƙon Sakatare ya sa wannan magana cikin jerin abin da za a tattauna a taron wata mai zuwa. Kafin nan, nawa abin awon zan riƙa zuwa da shi kowace ranar kasuwa, ina rumfar da kuka sani daga bayan sallar Azahar, kuma wanda zai zo ya haƙura da goro tun daga masallaci.